Idon Keziah da Agogon Fasto

Shekara goma sha ɗaya Keziah Raistrick ta yi tana riƙe da makullin cocin Aldergill, tun ranar da aka binne mijinta, wanda asali aikinsa ne. Ita ke shara, ita ke kaɗa ƙararrawa, ita ke hawa matakala arba'in da biyu duk Asabar ta wana agogon hasumiya. Agogon tsoho ne, kuma yana da nasa ra'ayin: wani mako ya yi gaggawa, wani mako ya yi nawa. Da zafi takan saita shi da agogon inuwa da ke jikin bangon coci. Amma daga farkon Nuwamba dutsen da ke kudu da gari yakan tare rana, ba a sake ganinta cikin kwarin sai Fabrairu, agogon inuwa ya koma ado kawai. A watannin nan Keziah takan bar na hasumiya ya yi abin da ya ga dama, kuma ba wanda ya taɓa mutuwa saboda haka.

Sai a shekarar 1856 aka turo musu sabon fasto daga kudu, Ambrose Fothergill, dogon tuzuru mai kirki, wanda ba ya iya ganin abu zaune lafiya bai auna shi ba.

"Misis Raistrick," in ji shi wata Lahadi bayan an tashi, "kin san ɗazu agogonmu ya buga goma, alhali ba mai iya rantsewa cewa goman ce?"

"Ranka ya daɗe, an zo coci ko ba a zo ba?"

"An zo."

"To, goma ce."

Ta zaci magana ta ƙare. Ashe ya riga ya aika Landan.

Akwatin ya iso a tsakiyar Nuwamba, a daidai lokacin da Keziah ba ta da sukunin ko susar kai. 'Yarta ɗaya tilo, Tabitha, za a ɗaura mata aure bayan Kirsimeti da Jabez Coverdale, wani mahaƙin dalma daga ƙetaren tudu, kuma ranar auren za su kama hanyar Ostireliya, inda aka ce ana tsintar zinariya kamar tsakuwa. Safa ƙafa goma sha biyu ke gaban Keziah, ga zannuwan gado, ga kuma zuciyar da har yanzu ba ta yarda da tafiyar ba. Duk da haka ta ajiye saƙa ta je ta buɗe masa ƙaramin ɗakin da ke gefen bagade, inda ake ajiye rigunan fasto, domin tagarsa ce ke kallon arewa.

Abin da ya fito daga cikin ciyawar akwatin bututun tagulla ne mai kama da mazurari, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, a kan ƙafa mai nauyi. A bakinsa mai faɗi akwai faifan gilas da lambobin awoyi a rabin kewaye, da wata siririyar allura.

"Ba ruwansa da ganin rana," in ji fasto, yana shafa shi kamar jariri. "Sama kawai yake so. Kin ga yadda tufa ke da zaren tsaye da na kwance? To haka hasken da ke saukowa daga shuɗin sama yake da nasa jerin. Idon mutum ba ya gani, amma 'yan duwatsun da ke cikin nan suna gani. Rana tana zagayawa, jerin yana juyawa tare da ita, ko da tana bayan dutse. A ciki akwai tauraro mai launi-launi. Sai ki riƙa juya bututun har launukan su mutu, ɗigon tsakiya ya zama ja. Inda allura ta tsaya, nan ne lokaci."

"In ɗigon bai yi ja ba fa?"

"Zai yi kore. Wannan kuskuren awa shida ke nan, sai ki ci gaba da juyawa. Leƙa ki gani."

Ta leƙa. "Toka-toka nake gani."

"Gajimare ne. Dole sai sama ta yi shuɗi ta wajen arewa."

Keziah ta ɗago kai a hankali ta dube shi. "Shuɗin sama. A Aldergill. A Nuwamba. Ranka ya daɗe, wanda ya sayar maka da abin nan ya taɓa zuwa garin nan?"

Tsugune ba ta ƙare ba. Wai gilashin taga yana ɓata jerin haske, don haka ya sa kafinta ya cire gilas biyu. Obadiah Thwaite, mai injin niƙa, wanda shi ne babban dattijon coci, ya zo da kansa ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa agogon aljihunsa na azurfa da yake saitawa a tashar jirgin ƙasa duk sa'ad da ya je kasuwa.

"Ga lokaci a aljihuna," in ji shi, "kyauta ga duk mai tambaya. Amma a'a, sai an fasa ɗakin Allah an leƙa sama ta kakaki."

Keziah ba ta cika yarda da abin da ya fito daga bakin Thwaite ba, amma ranar ta ji haushin cewa gaskiya ya faɗa. Domin ita ce ta riƙa share ganyen da iska ke turowa ta ramin, ita ce ta wanke farar rigar fasto har sau biyu bayan tsuntsaye sun gano sabon masauki.

Kwana goma sha tara sama ba ta buɗe ba. Ko kuma a ce ta buɗe sau da yawa, amma a idon fasto kaɗai. Da ya hango wani ɗan shuɗi mai faɗin hankici sai ya sheƙo a guje, jelar kwat tana tashi, ya hau bugun ƙofarta.

"Misis Raistrick! Ta buɗe! Makulli!"

"Inna, ga saurayinki nan ya iso," Tabitha kan ce, tana danne dariya.

"Rufe mini baki, marar kunya. Ki lura da tanda."

Kafin su tsallake gada su hau tudun coci, hankicin ya rufe. Su tsaya a ɗaki mai sanyi suna kallon toka-toka, ya ce a ƙara minti biyar, a ƙara wasu biyar. Ran nan ta dawo ta tarar Tabitha ta shagala da gwada rigar aure, burodi huɗu sun zama gawayi. Washegari ta tare shi a hanya ta miƙa masa makullin.

"Ungo. Ka rataya a wuya, ka kwana da shi. In ta buɗe ka je ka leƙa abinka."

Ya mai da hannu baya kamar ta miƙa masa garwashi. "A'a, a'a. Ƙa'ida ce, makulli a hannunki yake zama. Kuma ina so ki koya."

"Me zan yi da koyon? Jika nake jira ko digiri?"

Bai karɓa ba. Ta koma gida tana magana ita kaɗai har tumakin maƙwabta suna ɗago kai.

Ran uku ga Disamba aka wayi gari da sanyi mai yanka kunne, sama tas kamar an wanke kwano. Agogon hasumiya ya buga goma suna shiga ɗakin. Fasto ya sunkuya ya kafa ido, ya juya bututun hagu, ya juya dama, ya koma hagu, har kusan minti goma. Keziah ta ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, a ɗakin da ruwan tulu ya daskare. Can ya tsaya, ya leƙa allura, ya ce ƙasa-ƙasa, "Huɗu saura? Ba zai yiwu ba." Sai ya miƙe ya gyara murya. "Leƙa ke ma. Don ki koya."

Ta leƙa ne don a rabu lafiya. Taurarron ya dusashe, amma ɗigon tsakiya kore ne shar kamar sabuwar ciyawa.

"Ai kore ne wannan."

Ta kama bututun ta juya. Nan da nan tauraron ya kama da launuka, ja da shuɗi da ruwan ƙwai da wani irin shunayya da ba ta taɓa gani a jikin zare ba. Ba ta san lokacin da ta ce "Kai!" ba. Ta ci gaba da juyawa a hankali har suka dusashe ɗaya bayan ɗaya, ɗigon ya rine ja wur. Allura ta tsaya a goma saura kwata.

"Agogon hasumiya ya yi gaba da kusan minti ashirin da biyar!" in ji fasto, yana rubutawa. "Kin gani? Kin gani?"

"Na gani," in ji Keziah. Ta sa hannu a aljihun gaban rigarta ta fito da ƙwallon zare biyu na safar Tabitha, ta ɗora a kan tebur. "Ranka ya daɗe, taimaka ka miƙo mini jan."

Ya dubi zaren. Ya dube ta. Ya kai hannu, ya fasa, ya sake kaiwa, ya ɗauko koren.

 Ya zauna a kan akwatin riguna, dogayen ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga.

"Tun ina yaro," in ji shi. "Mahaifiyata kaɗai ta sani, ita ma ta rasu. Ja da kore duk kamar ruwan shayi nake ganinsu."

"Wato ka san da haka, ka aika Landan aka kawo maka abin da duk aikinsa ja ne da kore?"

"Na zaci zan bambance ta wurin haske da duhu."

"Ka zaci. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Kwana goma sha tara kana tsinka ni a guje kamar mai kashe gobara, burodina huɗu, ashe ba makulli kake nema ba, idona kake aro!"

"Misis Raistrick, in Thwaite ya ji wannan, ba zan sake iya hawa mumbari ba."

Ta so ta ce shi ya jiyo. Amma ta dube shi, ga mutum ya kusa shekara hamsin yana murza ƙwallon zare a hannu kamar wanda aka kama ya saci tuffa. Ta fizge zarenta.

"Ba daga bakina ba. Amma ba ranar wanki, ba ranar gashin burodi. Ko sama ta tsage biyu."

Ya yi alkawari, ya kuma karya shi ran Litinin, ranar wanki.

Gyaran agogon hasumiya ma bai zo da sauƙi ba. Da ta mai da shi baya, mata suka yi ta tsegumi wai an ƙara wa yara lokacin makaranta, maza suka ce an rage musu hantsi. Thwaite kuwa ya tare fasto a ƙofar coci gaban jama'a, ya buɗe azurfarsa.

"Minti takwas kakakinka ya bar mu a baya."

"Naka lokacin Landan ne, Mista Thwaite, shi jirgin ƙasa ke bi. Mu muna yamma da su. Rana takan kai tsaka a can da minti takwas kafin ta kai a nan."

"Au, wato ita ma rana sai ta fara zuwa gaisuwa Landan kafin ta waiwayi talakawa?"

Aka kwashe da dariya, aka kuma rabu biyu. Har a shagon mai sayar da giya sai an tambayi mutum, na Thwaite kake bi ko na fasto. Keziah dai in an tambaye ta takan ce ita ciwon gwiwa take bi.

An sa auren ƙarfe goma na safiyar Talatar da ta biyo bayan Kirsimeti. Keken dokin da zai kai su tasha zai tashi ƙarfe biyu, jirgin ruwa kuma jibi zai bar Liverpool, takardar tafiyar kuwa ta miji da mata ce. Kwana biyu dusar ƙanƙara tana zuba, ta ɗauke daren Litinin, sanyi ya sauko a bayanta. Da gari ya waye Keziah ta leƙa ta taga ta ga hannun agogon hasumiya a tsaye cak a kan huɗu da minti ashirin. Man da ke cikinsa ya daskare.

"Shekara goma sha ɗaya ina lallashinka," ta ce masa daga nesa, "sai yau."

Coci ya cika kafin goma. Amarya ta zo cikin rigarta mai ruwan toka, kumatunta sun yi ja don sanyi. Ango ne babu. Aka rera waƙa ɗaya, aka rera ta biyu, aka koma tari da buga ƙafa a ƙasa. Thwaite ya samu abin da ya daɗe yana nema, tun da agogonsa kaɗai ke tafiya a duk faɗin gari. Ya zauna a kujerar gaba ya ɗora shi a gwiwa yana sanarwa ba tare da an tambaye shi ba.

"Sha ɗaya."

"Sha ɗaya da kwata."

"Sha ɗaya da rabi. Ina dai tunatar da fasto, doka ta ce ba a ɗaura aure bayan sha biyun rana. Ba ni na rubuta ba."

"Obadiah," in ji Keziah daga bayansa, "in ka ƙara faɗin wani minti sai na cusa maka agogon nan inda za ka riƙa jin bugunsa daga ciki."

Amma ita kanta ta san wani abu da ba za ta iya faɗa wa kowa ba. Duk sanarwar da Thwaite ya yi sai ta ji wani ɗan sanyi a ranta. In sha biyu ta wuce, keken doki ya tafi, jirgi ya tafi, wani jirgin sai bazara. Wata huɗu ke nan da 'yarta a ɗaki. Wa ya san abin da wata huɗu za su haifa? Ta dubi Tabitha, ta ga ta ƙura wa ƙofa ido tana cizon leɓe, sai ta ji kunyar kanta, kunyar kuma ta ƙara mata haushin kowa da kowa.

Sai ga ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Jabez ne, fari fat da ƙanƙara har ƙugu, hularsa ta ɓata, yana goye da tsohuwar mahaifiyarsa a baya cikin bargo. Dokinsu ya nutse a kan tudu tun da sassafe, tsohuwa kuma ta rantse ba za a aurar da ɗanta ba ta nan, shi ne ya goyo ta mil uku. Ya sauke ta a kujera, ya buɗe baki, numfashi kawai ke fita.

Thwaite ya miƙe ya ɗaga azurfa. "Sha biyu da minti goma. Allah ya ba da haƙuri."

Coci ya ruɗe. Tabitha ta dafa bango.

"Na Landan ke nan," in ji fasto. "A cire takwas."

"An cire. Saura biyu, kuma biyun ma bayan sha biyu suke."

"Yaushe rabonka da saita shi a tasha?"

Thwaite ya dubi azurfarsa. "Asabar waccan."

"Kwana goma, cikin wannan sanyi. To, ba wanda ya san ƙarfe nawa ne a ɗakin nan. Amma sama a buɗe take." Ya juya. "Misis Raistrick, don Allah."

"Me ya hana kai ka duba?" in ji Thwaite. "Ba kakakinka ba ne?"

Fasto ya buɗe baki, fuskarsa ta sauya. Keziah ta riga shi.

"Ka taɓa ganin fasto cikin farar riga ya turo baya yana leƙen bututu gaban jama'a? Matsa mini."

"Uwar amarya ce fa! Ina aka taɓa karɓar shaidar uwar amarya?" in ji Thwaite.

Daga cikin bargo muryar tsohuwar Jabez ta fito, siririya amma kowa ya ji. "Uwar amaryar da duk kwarin nan an san ba ta son tafiyar nan? In Keziah ta ce da saura, to da saura."

Ba wanda ya musa. Keziah ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ashe abin da take ɓoyewa har ƙetaren tudu an sani.

Mutane suka cunkushe a ƙofar ƙaramin ɗakin. Ta cire safar hannu, tagullar ta kama mata yatsu don sanyi. Ta kafa ido. Tauraron ya kama da launukansa, ta juya, ta juya, suka fara mutuwa, ɗigon ya yi ja. Ta ja kai baya kaɗan ta dubi allura.

Ta gota sha biyu. Ba da yawa ba, kamar kaurin allurar saƙa. Amma ta gota.

Ba wanda ke ganin faifan sai ita, kafaɗarta ta tare. Ba sai ta yi ƙarya ba ma, abin da ke gabanta kawai za ta faɗa, ta koma gida da 'yarta. A bayanta tana jin numfashin Tabitha, gajere-gajere, irin wanda takan yi tun tana ƙarama in za ta yi kuka ba ta so a gani. Can baya kuma Jabez yana ta haki har yanzu, ruwa na ɗiga daga wandonsa a kan daɓen da ita za ta goge gobe.

Ta mai da ido, ta murza bututun baya kaɗan. Ɗigon yana nan ja. Wani ɗan launi ya fara dawowa a gefen tauraron, mai rauni, wanda sai mai nema zai gani.

"Saura minti biyar," in ji ta. "In kun tsaya kallona su ma su tafi."

"Sai na gani da idona," in ji Thwaite, ya kutsa.

"Gani ya kori ji. Ja ne ko ba ja ba?" in ji Keziah.

Ya sunkuya, ya rufe idon da bai kamata ba, ya sauya, ya daɗe. "Ja ne," ya ce daga ƙarshe, kamar ana cire masa haƙori. Kafin ya gama miƙe bayansa fasto ya riga ya kai bagade ya buɗe littafi.

Aldergill ba ta taɓa ganin aure irin wannan ba. Fasto Fothergill, wanda kan kwashe rabin awa yana sanar da ranar taron mata, ya riƙa zuba karatu kamar mai gwanjo. Da ya tambaya ko akwai mai ja, bai ko ɗaga kai ba, ya wuce. Jabez ya amsa nasa alkawarin a gutsure, kalma ɗaya numfashi ɗaya. Zobe ya ƙi shiga don yatsar Tabitha ta kumbura da sanyi, Keziah ta miƙa hannu daga baya ta tura shi da babban yatsa. Aka ce amin, tsohuwa ta ce a maimaita mata don ba ta ji komai ba.

An ci naman rago da cuku a tsaitsaye. Ƙarfe biyun Thwaite keken doki ya tsaya a bakin gada. Keziah ta cusa safa ƙafa tara a akwati, uku ba ta gama ba. Ta yi ta faɗa kan igiyar da aka ɗaure akwatin da ita, da yadda Jabez ya bar wuyansa a buɗe, da direban da ya zo da doki gurgu. Tabitha ta rungume ta ana tsakiyar faɗan, sai Keziah ta daina. Ta tsaya a gada har keken ya sha kwana, sannan ta koma ta ɗebi garwashi a kasko ta hau matakala arba'in da biyu ta narkar wa agogo mai.

Mako uku abin yana cinta. Ta zauna da saƙa sai ta ga ta warware abin da ta saƙa. In auren nan bai ɗauru ba fa? In 'yarta tana can tsakiyar teku da mutumin da a gaban Allah da hukuma ba mijinta ba ne, kuma ita uwar ce ta jawo da yatsa biyu? Ta rage cin abinci, ta yi wa maƙwabciya tsawa a kan kaza. Ranar wata Alhamis ta ajiye tsintsiya a tsakiyar coci ta je ta sami fasto a ƙaramin ɗakin yana goge tagulla.

"Ranka ya daɗe, ina da magana, kuma kada ka katse ni. Ran auren nan allura ta gota sha biyu. Ni na mai da ita baya."

Ya ajiye tsumma. "Da nawa ta gota?"

"Kamar kaurin wannan." Ta zaro allurar saƙa daga gashinta.

Ya karɓa, ya kanga ta a jikin faifan, ya kanne ido. Ga mamakinta sai ta ga yana jin daɗin awon.

"Minti uku, ko ƙasa da haka. Ai wannan ba komai ba ne. Takardar da maƙerin ya haɗo da shi ta ce yakan kuskure da minti biyar, gaba ko baya. Tsakanin nan duk ɗaya ne a wurinsa."

Keziah ta dafa tebur. "Minti biyar. Gaba ko baya."

"Haka ya rubuta."

"Kuma kana da takardar nan tun Nuwamba."

"Tana cikin akwati. Ban zaci za ki so karantawa ba."

"Mako uku ban ci abinci ya zauna mini ba! Na zaci na tura 'yata duniya ba aure!"

"Haba, Misis Raistrick, da kin tambaya. Ko da ƙarfe ɗaya aka ɗaura, aure ya ɗauru, ba mai warware shi. Laifin a kan fasto yake, in ya yi da gangan. Ni za a kama."

"A yi maka me?"

Ya ɗan yi murmushin jin kunya. "A rubuce dai, ɗaurin shekara goma sha huɗu a ƙetaren teku. Ostireliya ake kai mutum."

 Ta karɓe allurarta daga hannunsa ta soke a gashi.

"Da na sani," in ji ta, "da na bari an gama ɗaurawa na fita bakin gada na rantse ƙarfe ɗaya ta yi, kuma kana sane. Su sa ka a jirgi kai da bututun, ka tafi mata da ragowar safar."

Ta fita ta ɗauki tsintsiyarta. Tana cikin shara yunwa ta taso mata, irin wadda rabonta da ji tun kafin Kirsimeti, ta tuna akwai sauran cuku a gida da rabin burodi. Ta jingine tsintsiyar a nan inda ta tsaya, ta bar masa rabin cocin ba shara.